Durƙuson da Ba Wanda Ya Gani

Malam Labaran na unguwar Kusfa babban akawu ne a reshen Zariya na wata ma'aikata mai hedikwata a Kaduna. Da can mutum ne kamar kowa, ya hau kekensa ya je ofis, ƙarshen wata ya bi mota zuwa taron Kaduna. Amma tun ranar da aka jawo masa wayar tarho har zaure, a ƙarshen shekarun tamanin, sai ƙafafunsa suka riga shi yin ritaya.

Da hantsi zai kishingiɗa a kan buzu, ya buga ofis, ya rarraba wa na ƙasa da shi aiki yana sakace. "A ƙasashen da suka ci gaba," in ji shi, "da murya ake aiki, ba da ƙafa ba." Shi kuwa iyakar tafiyarsa a duniya Kaduna.

Abin kallo sai in maigidansa, Alhaji Mika'ilu, ya bugo daga hedikwata. Nan take Labaran zai zabura, ya tuɓe takalma, ya gyara hula, ya zube gaban teburin tarho da dunƙulallen hannu. "Ranka ya daɗe! Allah ya ja zamaninka!" Ba zai miƙe ba sai an kashe daga can.

Bahago, telan da ke ɗinki a ƙofar gidan, ya leƙo wata rana. "Malam, gwiwoyin nan da kake kashewa, ta cikin igiyar suke bi su isa Kaduna?"

"Kai dai allura ka sani. Ladabi a murya ake jinsa."

Akwai abin da yake hari. Shugaban reshe ya kusa ajiye aiki, Alhaji Mika'ilu ne zai zaɓi magaji, kuma Labaran ya fi kowa daɗewa. Abokin takararsa, Dogara, bai da tarho, sai tsohon babur da ba ya gajiya da hanyar Kaduna. Labaran kan kira shi ɗan aike.

Ana nan sai mahaifiyar Alhaji Mika'ilu ta rasu a gidansu na gado, nan Zariya wajen Kufena. Duk ma'aikatan reshe suka je jana'iza, suka zauna zaman makoki. Matar Labaran, Hajo, ta ɗauko masa babbar riga.

"Malam, tashi ka je. Zumunta a ƙafa take."

"A cikin wannan cunkoso wa zai san na zo? Bari ya koma Kaduna, in same shi shi kaɗai a waya, ya ji ni sosai."

Haka ya yi. Bayan an tashi makoki ya buga, yana durƙushe, har da hawaye na gaske. Alhaji Mika'ilu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Na gode, Malam Labaran. Ashe kana gari? Daga Kusfa zuwa gidanmu ko jaki mai kaya ba ya tsayawa hutu."

Labaran ya ƙara sunkuyar da kai, goshi ya kusa taɓa ƙasa. Tebur ne kaɗai ya shaida.

Ba a daɗe ba tarhon ya yi ƙara. Ya tuɓe takalma, ya zube kamar kullum.

"An ba Dogara reshe," in ji Alhaji. "Na so in tuna da kai, amma na nemi fuskarka a raina na rasa. Shekara da shekaru ba ka zo ka ko rusuna mini ba."

"Ranka ya daɗe, ai yanzu haka ma a durƙushe nake!"

"To, madalla," in ji Alhaji, ya ajiye waya.

Labaran ya ci gaba da zama a kan gwiwoyinsa, kan tarho na ta ƙugi a kunnensa. Hajo ta ɗaga labule ta dube shi.

"Tashi, Malam. Ba wanda yake ganinka sai ni da Bahago."