Ba Aikin Haruna Ne Ya Kashe Shi Ba

Yau shekara bakwai ke nan da aka binne Oga Haruna, kuma shekara bakwai ke nan ina jin ana yi masa ƙarya ina shiru. Na gaji da shirun.

Sunana Bitrus, aikin wayar mota nake yi. Shekara goma sha ɗaya muka yi a gareji ɗaya da shi a bayan Gwarinpa, shi yana inji, ni ina wuta. Duk mai son mota mai gudu a Abuja ya san hannunsa. Za a kawo masa ƙaramar mota irin wadda ake zuwa cefane da ita, ya sauke injin, ya canza fistin, ya ɗaura mata turbo, abin nan da ke ɗura wa inji iska har ƙarfinsa ya ninka. Ka ji tana fito kamar butar shayi, kafin ka waiga ta ɓace. Na sha ganinsa ya kara kunne a jikin inji, ido a rufe, yana murmushi, shinkafarsa na hucewa a kan benci.

Amma yana da doka guda: motar da ya ƙara wa ƙarfi ba ta barin gareji sai ya canza mata birki da taya. Ya kori masu kuɗi da yawa a kan wannan.

Wani matashi, ɗan wani babba a gwamnati, ya kawo baƙar motarsa yana son ƙarfin doki ɗari bakwai. Haruna ya gama injin, birkin da ya yi oda daga Legas bai iso ba. Ranar wata Asabar da hantsi matashin ya zo da abokansa, wai akwai ɗaurin aure, yana so a gan shi a ciki. Haruna ya hana shi makulli.

"Oga Haruna, motar nan taka ce ko tawa?"

"Taka ce, yallaɓai. Amma birkin da ke jikinta ba zai tsayar da wannan injin ba. Ka ba ni kwana uku."

Matashin ya yi dariya, ya zaro wani makullin daga aljihu. Haruna ya jefar da tsumman hannunsa ya ce mini, "Bitrus, bari in bi shi. In ina ciki ƙila ya ji nauyina ya tafi a hankali."

Bai ji nauyinsa ba. A hanyar Kuje, a wata kwana, suka ci karo da tifa tana juyawa. Haruna ya cika kafin a kai asibiti. Matashin hannu kawai ya karya, kafin sati ya zagayo an fitar da shi ƙasar waje.

Sai labari ya juya. Aka ce makanike ne ya yi aikin banza. Wasu ma suka ce Haruna ne ke riƙe da sitiyari. Mutum biyu suka zo gareji cikin shadda mai sitaci, suka yi mini gaisuwa, sannan ɗaya ya tuna mini cewa filin da muke aiki a kai ba shi da takarda. Na gane so suke in kama bakina. 'Ya'yana huɗu, Rahila ce babbarsu. Wannan ce hujjata, kuma na san ruɓaɓɓiya ce.

Ina yawan tambayar kaina me Haruna zai ce da ya ga Abujar yau. Yanzu kowa ya kalli bidiyo biyu a waya ya zama mai haɗa turbo. Ranar biki a tare titi, mota tana juyi tana hayaƙi, mutane sun yi da'ira suna ɗauka, mai rake da mai goyo duk suna wurin. Ba na jin gudun ne zai ɓata masa rai, shi ma ya so gudu. Abin da ya yi ta roƙo shi ne a ware fili a bayan gari, a kewaye shi, mai son taka totur ya je can ya taka da hular kwano a kansa. Ya kai takarda ofis har sau uku, aka ce ya dawo. Ga filaye nan an raba wa masu gina gidajen da ba kowa a ciki. Shi kuwa matashin nan ya dawo, ya yi ƙiba, kwanan baya na hange shi a gidan mai cikin wata sabuwar mota, yana yi wa mai zuba mai tsawa.

Makon jiya na je gidan matar marigayin, Maman Aisha. Aisha ta kai aji biyar a sakandare, kuma ta girma tana jin cewa sakacin ubanta ne ya kashe shi. A gabansu na zauna na faɗi komai, har da mutanen nan masu shadda. Maman Aisha ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Baban Rahila, sai yanzu?"



Garejin an rushe shi duk da shirun da na yi. Motocin da ya haɗa, wasu sun tsufa, wasu an sayar. Abin da ya rage na Haruna shi ne sunansa, kuma ni na bari aka taka shi. Don haka duk wanda ya karanta wannan ya sani: Haruna ya gaya wa mai motar gaskiya a gabana, kuma ya shiga motar ne yana sane da abin da ke jikinta, don kada ɗan wani ya mutu. Allah ya jiƙansa. Wanda ya tuƙa kuwa, na bar shi da Allah, ban yafe ba.