Shafi Goma Sha Ɗaya na Yaya Lyuben

Ranar Talata, 11 ga Maris, da hantsi, Nevena ta kira ni ta ce mijinta Lyuben Karadzhov ya rasu. Ya ajiye bas ɗinsa a tashar ƙarshe, ya zauna shan kofi, zuciya ta tsaya. Shekararsa hamsin da takwas, talatin daga ciki yana tuƙa mutanen garinmu Ruse zuwa aiki.

Yaya Lyuben, mu biyar da ke zama a ɗakin baya na laburaren unguwa duk Lahadi da rana mun san ka ta wata fuskar. Ni ce mai jan labari a teburin: ni ke shimfiɗa duniyar dodanni da matsafa, ku kuma kowa ya ɗauki jaruminsa, a jefa 'ya'yan ludo a ga abin da zai faru. Ba ka taɓa zuwa hannu rabbana ba, kullum da banitsa, gasasshiyar fulawa mai cuku, da zafinta a takarda. Kai ka sassaƙa wa kowa ɗan gunkin jaruminsa da itace. Lokacin da Boyko, ɗaya daga cikinmu, ya karye a ƙafa, wata biyu kana goyo shi daga bene na huɗu don kada ya rasa wasa, yana bayanka yana tsokanarka wai ko a ƙasa ba ka iya birki ba.

Ƙa'idata ce duk wanda zai ƙirƙiri jarumi ya rubuto min asalinsa: ɗan waye, me ya iya, me ya fito da shi daga gida. Daga nan ake sanin ƙwarewarsa da halinsa, daga nan kuma mai jan labari ke samun zaren da zai saƙa masa. Sauran suka kawo layi uku-uku. Kai ka kawo shafi goma sha ɗaya da rubutun hannu. Na karanta na farko, na ga jaruminka Radoy maƙeri ne ɗan bakin kogi, na ba shi ƙarfin damtse da sanin ƙarfe, na cusa sauran a jaka na ce zan duba. Ka ce, "Ba sauri, ƙanwata." Ni kuwa na riƙe wannan kalma shekara uku.

Duk garin da jarumanmu suka shiga cikin labari, kafin a nemi masauki sai ka tambaye ni ko akwai mai fito a nan, mai yatsu uku a hannun dama. Nakan ce babu, in wuce ga dodon da na kwana ina shiryawa. Abin ya zama abin dariyar tebur. Boyko yakan riga ka: "Tsoho, bari in hutar da bakinka. Rumyana, akwai mai fito?" Sai ka yi dariya tare da mu, ka juya ɗan ludonka a tafin hannu, ka ce watakila a gari na gaba. Na ɗauka wata al'adarka ce kawai.

A maƙabarta, ana raba dafaffiyar alkama kowa na cewa Allah ya gafarta masa, wani dattijo mai kama da kai ya matso kusa da ni. Ya ce shi Stoyan ne, wanka, daga garin Silistra ya zo, kuma an ce masa ni ce nake zama da kai duk mako. Ya ce, "Yarinya, ya taɓa ambatona?" Ban ma san kana da wa ba. Na ce gaskiya ban taɓa ji ba. Ya gyaɗa kai, ya ce dama ya zata, ya miƙo min hannu. Da na kama sai na ji yatsu uku.

Ina isa gida na zazzage tsohuwar jakar, na karanta sauran shafukan. Radoy ya bar wansa mai fito riƙe da igiyar kwalekwale ranar ambaliya, ya ce zai nemo taimako, bai dawo ba. A shafi na ƙarshe ka daina maganar Radoy, ka rubuto min kai tsaye: in haɗa shi da wansa kafin labari ya ƙare, in yi magana da bakin wan, in faɗi duk abin da na ga dama ko da zagi ne, domin kana son ka gwada neman gafara sau ɗaya a tebur kafin ka gwada a ƙofar gida. Nevena ta cike min sauran. Stoyan ne ya yi jinyar mahaifiyarku shekara huɗu shi kaɗai, kai ba ka je ba sai bayan an binne ta, kuma shekara ashirin kenan ba ku gaisa ba. Ta ce duk sanda ta matsa maka, sai ka ce da zarar Radoy ya sami ɗan'uwansa za ka hau motar Silistra.

Laifin nan nawa ne, kuma ba zan yi masa kwalliya ba. Ban mance da takardun ba, ƙyuya na yi, ina ganin labarina ya fi naka muhimmanci. Minti goma ya isa in ajiye mai fito a bakin wani kogi. Ka roƙe ni a rubuce sau ɗaya, ka roƙe ni da baki duk Lahadi, kunya ta hana ka tambaya ko na karanta. Ka yafe min, Yaya, ko da yake na san kai da ka riga ka ce ba komai, kuma wannan ne ya fi ci min rai.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka abin da ka yi niyyar gyarawa ba ka samu iko ba, ya sa ka huta cikin haske. Ina miƙa ta'aziyyata ga Nevena da 'yarku Yoana, da abokan aikinka, da 'yan teburinmu. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Baba Stoyan, kafin addu'ar arba'in zan zo Silistra da shafukan nan in sa su a hannunka. Amsar da na ba ka a maƙabarta ba daidai ba ce. Duk Lahadi, shekara uku, ƙaninka yana cigiyarka. Ni ce nake ce masa ba ka nan.