Abin da Ya Rage na Matar Tela

Tela mutum ne marar surutu, keken ɗinkinsa ma ya fi shi magana. Matarsa ce bakin gidan, ita ke faɗa da masu kawo ɗinki a ƙurarren lokaci. Da sankarar mama ta kama ta aka yi mata aiki, likitoci suka roƙi a bar musu tsokar da suka cire don bincike. Ta ce, "Ku ɗauka mana, da ma ban gayyace ta ba." Ba ta ga ƙarshen shekarar ba.

Bayan rasuwarta wata mai bincike ta gaya masa ƙwayoyin tsokar suna nan raye a ɗakin gwajinsu, cikin faranti, har abinci ake ba su. Ta ce a cikin kowace ƙwaya akwai masu tsaron da ke hana ta haukacewa, ciwon kulle su yake yi, su kuma suna neman ɗan ƙaramin maganin da zai kutsa ya buɗe. Duk bayanin nan, "raye" kawai Tela ya ji.

Shi ke nan fa, ya mai da wurin gidan surukai. Ya ɗinka musu fararen riguna kyauta. Sai ya rufe shago ya zo ya zauna a benci, har a kira shi ya leƙa ta madubin da ke ƙara girma.

"Yaya take yau?"

"Baba, ba ita ba ce, ciwon ne."

"Na sani, 'yata. Ta dai ci abinci?"

Magani bayan magani ya kasa, ƙwayoyin sai ƙara yaɗuwa suke. Allah ya yafe masa, daɗi yake ji a ransa, don wannan taurin kan ya san mai shi.

Rannan ya tarar da ɗakin ya kaure da murna. Mai binciken ta taro shi da gudu.

"Baba, an dace! Sabon maganin ya kama su, ko ɗaya ba ta tsira ba."

Ya leƙa. Duk sun yamushe, suna yawo a saman ruwan farantin. Baƙin ciki ya dawo masa sabo, irin na ranar da ta rasu.

"Madalla. Allah ya sa ya amfani matan wasu," ya ce. "Farantin fa, ina za ku kai shi?"

Idonta ya kai kan kwandon shara.

Tela ya miƙe a hankali.

"Ki ɗan jira ni, 'yata. Ina da ragowar farin yadi a shago."