Saƙon Mutumin Sudan

Lokacin da intanet ta iso Azare ina koyarwa a wata sakandare, kuma ban mallaki kwamfuta ba. Wani Ibo mai sayar da kayan wuta, wanda ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi, ya buɗe kafe, wato wurin shiga intanet, a bayan shagonsa. Janareta na ruri a waje, mu muna jere a kan benci muna jiran shafi ya buɗe. Wani lokaci sai mutum ya je ya yi alwala ya dawo bai gama buɗewa ba.

A nan na shiga wani zaure na imel, inda idan ka aika saƙo ɗaya zai faɗa akwatin kowa. Akwai malaman jami'a, da ɗalibai a ƙasashen waje, da wata ma'aikaciyar jinya da ke gyara wa kowa rubutu. Yawancin musun a kan yadda za a rubuta ƙa da ɗa ne, tunda na'urar ba ta san ƙugiya ba. Ni dai karatu nake yi, ban cika sa baki ba.

Wata rana wani mutum ya rubuto daga Sudan, da Hausa irin ta tsofaffi. Ya ce kakansa ya bar ƙasar Katagum a ƙafa zai tafi aikin Hajji, ya yada zango a can yana noman auduga, ya yi aure, bai sake motsawa ba har ya rasu. Abin da ya bar musu kawai shi ne sunan Chinade, da cewa gidansu gidan marina ne. Yana tambaya ko garin na nan har yanzu.

Na amsa masa cewa garin na nan, ba shi da nisa da mu. Ran Asabar na hau acaɓa na tafi. Mai unguwa ya saurare ni, ya tura ni wurin wata tsohuwa da ke zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi sunan kakan mutumin.

"Wanda ya yi gabas?" in ji ta. "Ƙanin kakanmu ne. Muna yara ana cewa uwarsa ta hana a raba kayansa har ta mutu."

Ta nuna mini inda marinar take. An cike ramukan, wani ya kafa injin niƙa a wurin.

"Wa ya aiko ka, ɗan nan?"

"Jikansa ne, Iya."

"A wace mota ya zo?"

Na fara yi mata bayani, na ga zai yi tsawo, sai na ce ta waya muka yi magana. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin garin kuka, ta ce in kai masa, in kuma gaya masa gida na nan duk ranar da ya so zuwa. Na karɓa. A gidana aka yi miya da shi.

Da na rubuta masa labarin, amsarsa gajeriya ce. Ya ce ya karanta wa mahaifinsa, wanda idonsa ya yi rauni, tsohon kuma ya sa an maimaita masa wurin da aka ambaci uwar. Ya ce in Allah ya yarda zai zo bayan girbi. A zaure aka yi ta sa albarka, daga baya aka koma musun ƙugiya.

Bai zo ba. Mun ci gaba da gaisawa jefi-jefi, yana tambayar damina, ina tambayar jikin mahaifinsa. Da wayoyi masu intanet suka yawaita, zauren ya riƙa yin shiru, mai kafe kuma ya kwashe kwamfutocin ya zuba kayan waya. Da tsohuwar ta rasu na aika masa ta'aziyya, saƙon ya dawo mini, wai babu akwatin da ke da wannan adireshi.