Anti Kachollom da Basilin ɗin Mama Dokas

Jama'a, ku matso ku ji. Kullum da safe kafin 'yan kasuwar Woolwich da ke Landan su gama shimfiɗa kaya, Anti Kachollom tana bayan shagon da ake sayar da kayan nutso cikin ruwa da ba da hayarsu. Sai ta ɗauraye rigunan roba, ta jera tukwanen iskar da masu nutso ke goyawa, sannan ta ɗauki bututun numfashi ɗaya bayan ɗaya ta sa a baki ta zuƙa. Wanda bai gamshe ta ba, ba ya fita shagon nan. Watan gobe za ta ajiye aiki, shi ya sa na ce bakina ba zai yi shiru ba.

Tana da wata ɗabi'a da ke ƙular da masu sauri: ba ta ba da hayar tukunya sai ta ga abin da za a jona mata.

Ran nan sai ga Marvellous, nas ce, sabuwar shiga a harkar, ta sayi bututunta na hannu a intanet. Uwarta Mama Dokas ta rako ta daga Peckham.

"Anti, na yi booking, gobe za mu tafi teku. Tukunya kawai nake so."

"'Yata, buɗe jakar."

Tana buɗewa, Kachollom ta ga kaya na sheƙi. Ta sansana. Nan take ta gane, don ƙamshin nan duk wanda ya tashi a Jos ya san shi.

"Wa ya shafa wa wannan basilin?"

Mama Dokas ta gyara ɗaurin zani. "Ni ce mana! Tun da ta saya nake mulke shi, kar sanyin ƙasar nan ya tsattsage robar. Ba haka muke wa takalmi ba?"

Kachollom ta jawo kayan gabanta. Ta kwance kan bututun, ta zaro wani ɗan zoben roba, wanda ke hana iska tsiyaya. Ya kumbura ya yi laushi. Tana ja, ya tsinke a hannunta kamar dafaffiyar taliya.

"Mama, basilin yana cin wannan robar. Da a ƙarƙashin teku ya tsinke, iskarta ce za ta tsere."

Wayyo! Mama Dokas ta zube kan benci, hannu biyu a ka. "Yesu! Da hannuna? Yarinyar da na goya?" Marvellous kuwa ta tsura wa guntayen robar ido.

Kachollom ta tsuguna ta riƙe hannun tsohuwar. "Ƙauna ce ta sa ki, ba mugunta ba. Wannan kayan, ruwa mai tsabta kawai yake so." Ta ba yarinyar na haya wanda ta gwada da bakinta, ta ajiye nata don gyara.

Ke ce, Kachollom, mai fara shaƙar iskar 'ya'yan mutane kafin su shaƙa. Ke ce mai taurin kan da ya hana uwa kuka. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma masu shago da masu saye, ku koyi cewa "buɗe jakar".

Marvellous ta je ta dawo lafiya. A bakin ƙofa Mama Dokas ta tare ta da kwalbar basilin, ta mulke mata fuska, tana kuka tana dariya: "Ke dai ba roba ba ce."