Gorar Kwarinmu Ta Je Birni

Ana idar da sallar asuba muka fita bakin titin Tsanyawa, ni da yayana da malamin gona na yankinmu, ɗaurin gora a kafaɗata.

Ga dalilin tafiyar. A ƙarshen gonarmu ta gado akwai kwari, mahaifinmu ya dasa gora a bakinsa don ruwa ya daina cin ƙasa. Yanzu iyali sun yi yawa, gona ta yi kaɗan, Yaya ya ce kafin damina za a tumɓuke ta a shuka gero. Ni kuwa na san ranar da aka cire ta, kwarin zai shigo mana gona. Ana cikin haka malamin gona ya kawo labarin wata cibiyar bincike a Kano da ke neman gora, wai ana fitar da zaren yadi daga cikinta. Yaya ya ce zai je ya gani da idonsa, in ba su karɓa ba, sai gatari.

Don haka na zaɓi tsofaffi masu tauri, irin waɗanda muke jinka da su. Na shafe su da baƙin mai kamar yadda muka saba don gudun gara, har suna sheƙi. Yaya bai ɗauki komai ba sai wata ɗanyar sanda da ya saro a kwarin, yana dogarawa saboda ciwon gwiwa.

Da mota ta tsaya, kwandasta ya dubi ɗaurin ya ce gora ma fasinja ce, sai da aka biya mata. Gefen hanya an share gonaki, an jibge taki tsibi-tsibi, ba ka ganin ko taku guda da ba mai shi. A Bichi muka sha koko da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance kamar ya yi jinya. Dawanau ta riƙe mu sosai, manyan motoci sun tare hanya, 'yan dako na gudu da buhunan wake da riɗi.

Allon ƙofar cibiyar da kaina na karanta shi, a hankali. Allah ya saka wa malaminmu na ajin yamma.

Wata Dakta ce ta karɓe mu da fara'a, ta zagaya da mu. Farfasa gorar suke yi ƙanana, su turara, sannan su dafa ta da sinadari a tukunyar ƙarfe har danƙon da ya riƙe zaren ya fita. Abin da ya rage su wanke, ya fito fari kamar auduga. Ta ce damuwarsu auki ne, wato yawan zaren da zai fito. In dahuwa ta yi yawa zaren ya lalace, in ta yi kaɗan danƙo ya saura, kuma gorar da ba ta tsufa ba ta fi ba da zare.

Sai ta kwance ɗaurina. Ta ɗauki ɗaya ta sunsuna.

"Baba, me aka shafa musu?"

Na faɗa mata. Ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka. Ta ce man ya shiga ciki, zai ɓata gwajin, ga su kuma sun tsufa. Yaya ya dube ni ya ce, "To, ka ji da kunnenka."

Mun juya za mu fita idonta ya sauka kan sandarsa. Ta tambayi daga ina take. Yaya ya ce, "Kwari ɗaya ne, 'yata. Jiya na saro ta. Ni ba na ɓarnar mai."

Ta roƙe shi sandar, ya miƙa. Ta ce za ta kira malamin gona in gwaji ya fito, kuma in gorar ta yi, 'yan matasa kawai za a riƙa sara, a bar saiwa a ƙasa. Ta gutsuro farin zaren nan ta ba shi. Na ga ya murza shi, ya sunsuna, ya sa a aljihu.

Da ɗaurina muka dawo, kwandasta ya sake karɓar kuɗinsa. Yaya ya dogara da kafaɗata daga tasha har gida, yana yi min tsiya. Muna shiga ya ce wa 'ya'yansa a ajiye gatari, ba mai taɓa kwari sai an ji labarin sandarsa.

Na koyi cewa abin da muke kira mai kyau wajen jinka ba shi ne mai kyau a ko'ina ba, kuma da na tambaya kafin na shafa mai, da na huta. Gwaji bai fito ba tukuna. Amma washegari da na je kwari na tarar da Yaya, ba sanda, yana jawo ƙaya yana kewaye sababbin tsiro don kada awaki su ci. Alhamdulillahi.