Mai Kunna Wutar Asabar

Jiya ɗan baffana ya ga dardumar marigayi kakanmu a gidanmu na unguwar Mansur a Makka, ya taɓe baki ya ce wai sallolin tsohon na ƙarshe duk sabo ne kawai, tunda ruɗewa ta sa ba ya sanin raka'a nawa ya yi. Har yanzu raina tafasa yake.

Na tuna wata la'asar da na tarar da kaka yana haɗa shayi, ƙamshin na'ana'a ya cika ɗakin. Na ce, "Kaka, ina sallah amma zuciyata a bushe take. Anya ba wahalar banza nake ba?"

Ya miƙo mini kofi ya ce, "Da muke tahowa Makka ta ƙasa, na yi aiki gidan wani Bayahude mai sayar da yadi a Umdurman. Ran Asabar, ranar ibadarsu, ba ya taɓa wuta, ni nake kunna masa. Na tambaye shi ko kullum yana jin ibadar a ransa. Ya ce a'a, wata Asabar ɗin umarni kawai yake bi. Amma zuciya baƙuwa ce, in ya daina share ɗaki, ranar da ta zo ina za ta zauna?"

Kaka bai daina sharar ba. Ya manta sunayenmu duka, bai manta alƙibla ba. To wa ya leƙa ƙirjinsa da har zai ce ba kowa ciki?

Ya Allah, Ka karɓi raka'o'in da ya ƙirga, da waɗanda suka ɓace masa.